Zuwa ga Bawana Fillo, Sabon Firezidan

Kai Fillo, ashe da gaske ne? Labari ya same mu har Kolere wai manoman audugar ƙauyenku sun taru, ido biyu, ba wanda ya sha wani abu, suka ɗaga hannu suka zaɓe ka shugaban ƙungiya. Na tambayi mai kawo labarin ko wata annoba ce ta bi ta kan mazan garin, ya ce a'a, kowa lafiya ƙalau, har da masu furfura. Na ce to, ikon Allah sai kallo. Barka, Firezidan. Allah ya taya ka riƙo, su kuma mutanen garin Allah ya ba su haƙuri, don sun fi ka bukatar addu'a.

Kada ka tsuke min baki. Tsakanin Babarbare da Bafillace ba a kai ƙara, ko an kai, alƙali dariya zai yi ya kore mu. Kuma in bawa ya samu ɗaukaka, ubangidansa ne ya kamata ya fara ja masa kunne, kafin mutanen waje su ce ba a yi masa tarbiyya ba.

An ce tun ranar zaɓe ka jingine sanda ka ɗauki jaka. Baƙar jaka mai zif, kullum a hammata, ko rijiya za ka. A cikinta akwai hatimin ƙungiya, da kwalbar tawada, da biro uku waɗanda ɗaya ne kawai ke rubutu. Ka je babbar kasuwar Garwa ka sayo tabarau, kai da kake gane saniyarka tun daga tsallaken Binuwai. Mabuɗin sito kuma ka rataya a wuya tare da layunka. Har an ce a wani suna da aka yi, da aka miƙo maka goronka, ka tambaya ina za ka sa hannu. Wannan kam na ce sharri ne, na kare ka a gaban jama'a. Amma ban rantse ba.

Bari in nuna maka inda kujerarka take, don na ga alama ka ɗauka daga kai sai Yawunde. Audugar nan da kuke nomawa, Faransawan CFDT ne suka kafa harkarta a arewacin Kamaru tun farkon shekarun 1950, sannan a 1974 aka kafa Sodecoton ta gaje su, hedikwatarta a nan Garwa, gwamnati ce mai kaso mafi tsoka. Kamfanin na da injinan gurzar auduga tara, daga Marwa da Kaele da Gidar har Ngong da Tuboro, ga masana'antar mai biyu, ɗaya a Garwa ɗaya a Marwa, inda ake tatsar man Diamaor daga angurya, abin da ya rage a mayar da shi Alibet, abincin da shanunka suka fi ƙauna a duniya. Manoman da ke hulɗa da shi sun haura 150,000, cikin ƙungiyoyi kusan 2,000, kuma a shekara mai albarka audugar da ake saye kan wuce tan 300,000. In an gurje a ɗaure dila-dila, mota ta kai Gaundare, jirgin ƙasa ya kai Duwala, jirgin ruwa ya wuce da ita Asiya. Daga babban darekta, Mohamadou Bayero Bounou da aka naɗa a 2016, umarni na gangarowa kan shugabannin yankuna, daga su sai na sassa, sai shef-da-zon ɗin nan mai zuwa muku a babur da ƙura har gira. Ta ɗaya gefen ga haɗaɗɗiyar ƙungiyar manoman, CNPC-C, wadda ta maye gurbin OPCC a 2010, ita ma da nata manyan da ƙananan. Kai kana can ƙasa, ɗaya cikin dubu biyu. In aka tara ku duka a filin ƙwallo na Rumde Ajiya, ko ɓangare ɗaya ba za ku cika ba, masu sayar da gyaɗa ma ba za su fito ba.

Amma ka ga adalcina: duk ƙanƙantar wurin naka, a nan ne dukiyar kamfani ke kwana wata da watanni a hannun mutumin da ko takardar gona ba shi da ita.

Ga yadda abin yake, saboda masu karatu na tsallaken iyaka da ba su san tsarin ba. Kai ma ka kasa kunne, ban tabbata ka sani ba. Manomi ba shi da abin jingina da banki zai karɓa, amma kafin ruwa ya zauna yana bukatar iri, da taki, da maganin ciyawa, da na ƙwari. Sai a ba shi bashi, ba a kan gonarsa ba, a kan mutanensa. Manoma kan kasu rukuni-rukuni, 'yan'uwa ko maƙwabta, su zaɓi juna da kansu, su tsaya wa juna lamuni, kowane rukuni da babbansa. Ran da kuɗin auduga ya zo, bashi ake fara cirewa. Wanda audugarsa ba ta kai bashinsa ba, a yanka daga kuɗin 'yan rukuninsa. In rukuni ya gaza, nauyi ya hau kan ƙungiya. In ƙungiya ta gaza, baɗi ba taki. Shi ke nan. Idon maƙwabci ne ke gadin kuɗin. Shi ya sa manomin da ya san ciwon kansa yake leƙa gonar abokinsa kamar yadda yake leƙa tasa: ya yi shuka a kan kari? Ya yi feshi? Takin nan audugar ya zuba wa, ko masara ce ta sha, ko kuwa buhun ya hau babur ya tafi kasuwar Pitowa ran Lahadi?

To tsarin da aka gina a kan a dubi ƙwayar idon mutum a gaya masa gaskiya, shi aka ɗauka aka damƙa wa Bafillace. Mutumin da ko yunwa na neman kashe shi, in an ce bismilla zai ce yanzun nan ya ci. Mutumin da ba ya iya kiran sunan ɗan da ya haifa.

An ba ni labarin taronku na farko bayan biyan kuɗi, tiryan-tiryan. Gindin darbejiya, an shimfiɗa tabarmi, kai kaɗai a kujerar roba. Ka zuge jaka, ka zaro littafi, ka ɗora tabarau, ka ce yau ba sani ba sabo, duk wanda ake bi za a kira sunansa. Jama'a suka ce madalla, an samu namiji. Ka kira na farko, wani baƙo da ya gangaro daga wajen Mokolo neman ƙasar noma, da ƙarfi, har da sunan ubansa da yawan buhuna. Na biyu ma haka. Da ka zo kan na uku sai tari ya sarƙe ka. Ka cire tabarau, ka goge da bakin riga, ka mayar. Ka nemi ruwa. Sannan ka ce, murya can ƙasa, "sai kuma wani bawan Allah, buhu shida." Bawan Allah ɗin nan kuwa yana zaune gabanka, sahun farko, yana ɓantarar goro, har yaran da ke kan bishiya sun san surukinka ne. Na huɗu ka ce "wani dattijo, shi ma ya san kansa," kawunka ke nan. Na biyar sunansu ɗaya da ɗanka na fari, sai ka rufe littafi ka ce liman ya shafa fatiha, rana ta yi.

Mun yi dariya a Kolere har da riƙe ciki. Amma da mai labarin ya ƙara gaba, dariyar ta ragu. A rukunin surukin naka akwai wata mata da mijinta ya rasu ya bar ta da yara, wadda ta noma rabin hekta ita da 'ya'yanta, ta tsince audugarta tsaf, ba ƙasa ba ganye, kuma daga kuɗinta aka yanki wani kaso na bashin da kai ka ji nauyin ambata. Kunyarka ta cinye mata kuɗin makarantar yara. Wannan ba da wasa na faɗa ba, Fillo, ko da yake yanzun nan zan koma wasan.

Ni ban ce fulako abin zargi ba ne. Wallahi da za a ɗan gutsura wa Barebari daga ciki, da duniya ta huta da bakinmu. Shugaba mai kunya ba shi da laifi, in dai ya san yana da ita, ya kuma ajiye marar ita a kusa. Kuna da sakatare, yaron nan da ya yi lise a Garwa, wanda ko sunan Lamido aka rubuta masa zai karanta bai haɗiyi yawu ba. Ba shi littafin. Ku kafa doka tun kafin a raba taki, a gaban kowa, cewa sakatare ke karanta sunaye daga na farko har na ƙarshe, ba tsallake, kai kuma ka zauna ka sunkuyar da kai, abin da ka fi ƙwarewa a kai. Surukinka ba zai ce ka ci masa fuska ba, doka ce ta ci.

Dabarar ma ba sabuwa ba ce, a gidanku take, sai dai aro kuka yi. Je ka fadar Lamidon Garwa ko ta Gaundare ka saurari sarautu: Galadima, Kaigama, Yarima, Lawan. Daga ina suka fito? Daga Barno, gidan iyayen gidanka. Da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu a farkon ƙarni na 19, kakanninka sun iya kiwo, sun iya karatu, sun iya yaƙi, amma da ƙasa ta faɗo hannunsu sai suka ga ashe mutum ɗaya ba ya mulki. Suka waiwaya suka ɗauki tsarin Barno, suka haɗa da na Hausa, su Sarkin Yaƙi da Sarkin Shanu. Lamido ba ya bin bashi da kansa, ba ya tsawa a kasuwa. Akwai mai faɗa, akwai mai lallashi, akwai mai shari'a, akwai wanda aikinsa ya shigo da dare ya gaya masa abin da ake faɗa a gari. Duk da haka Yola ta sha fama da Rai da Tibati, don Bafillace in ya yi nisan kwana uku da shugabansa sai ya fara jin shi ma ai Lamido ne. Kai ko tafiyar wuni ba ta raba ka da Garwa ba, ka fara.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce Gazargamu, 1808. Kullum in ka rasa amsa sai Gazargamu. To an ji, kun shiga babban birnin Barno, Shehu Laminu ya zo ya nuna muku hanyar fita. Kawo wata.

Ga kuma "to" ɗin nan naka. Tun kafin damina ƙungiya ke aika lissafi sama: wa zai noma nawa, wa ke son buhu nawa. Lissafin ƙauyuka ake tarawa, daga shiyya zuwa sashe, zuwa yanki, zuwa Garwa, da shi ake odar taki daga ƙasashen waje, ya sauka Duwala, ya yi tafiyar sama da kilomita 1,000 kafin ya ga ƙofar sitonku. Wanda ke zaune a ofis bai san gonar kowa a ƙauyenku ba, abin da ka rubuta shi ne idonsa. Kai kuwa shef ya ce a ƙara fili, ka ce to. Mai gonar da ba ta fi zagayen zaure ba ya ce a rubuta masa buhu goma, ka ce to. Ma'aji ya ce kada a rubuta, shi ma ka ce to. Kowa ya tashi daga gabanka yana shi maka albarka, sai ran biya a gane "to" ɗinka uku ba sa zama a littafi ɗaya. Ƙaramar ƙaryar kunya irin taka, in ta taru daga ƙauye dubu biyu, ta isa ta zama giɓin da sai an ji shi a rediyo.

Sai maganar mabuɗi. An ce ranar da aka yi ruwan nan mai kyau, ƙasa ta jiƙu, kowa ya fito da niyyar zuba taki, aka tarar da sito a garƙame. Ina Firezidan? Ya tafi Adumri kasuwar shanu, ba saye ba sayarwa, kallo kawai, don ranka ba ya kwanciya in ka yi mako ba ka shaƙi ƙurar kara ba. Mabuɗi na wuyanka. Mai kula da sito, wanda ƙungiya ta zaɓa don wannan aikin kaɗai, yana tsaye cikin masu jira kamar baƙo. Kafin ka dawo ƙasa ta sha iska. Auduga kuwa ba ta san uzuri ba: abin da aka makara a Yuni da Yuli, a kan sikeli ake biyan sa a Disamba.

Ka tuna 23 ga Janairu 2022? Muna tare a Rumde Ajiya, Garwa duk ta koma Najeriya. Super Eagles sun cinye wasanninsu uku na rukuni na gasar kofin Afirka a filin nan, sun doke Masar da Sudan da Gine-Bisau, Iheanacho ya sa Salah ya kwana da takaici. Sai ga Tunisiya ta lallaɓo da ƙyar a matsayi na uku, korona ta kwantar mata da 'yan wasa, har kocinta Mondher Kebaier bai samu zuwa fili ba. Muka ce nama ya faɗi. Mataimakinsa Jalel Kadri ya tsaya a bakin layi, suka toshe gefen da Moses Simon ke bi, Msakni ya ɗirka ɗaya daga nesa da dawowa hutun rabin lokaci, Iwobi ya shigo ya karɓi jan kati, aka tashi 1-0. Kai ka yi ta zagin alƙalin wasa har gadar Binuwai. Ni abin da na gani daban ne: mai gida na kwance, aiki bai kwanta ba, don na biyunsa ya san abin da ya sani. Ƙungiyarku fa? In zazzaɓi ya kayar da kai mako guda, ko buhu ɗaya ba zai fita ba, sai dai a zo a cire mabuɗi daga wuyanka kana rawar ɗari, a haɗa da layun.

Ranar kasuwar auduga ma an kawo min rahoto. Wanda bai taɓa gani ba ya kamata ya je ya gani. Tun asuba fili ya yi fari fat, kowa ya tara tasa, mata da yara na ɗaure ta cikin tamfol ƙunshi-ƙunshi. Mai duba kyau ya cusa hannu har gwiwa cikin tuli, ya zaro, ya ce ta ɗaya ce ko ta biyu, a nan ake fara rantse-rantse. Mai awo ya ɗora ƙunshi ya kira kilo da ƙarfi, magatakarda ya rubuta, mai auduga ya leƙa ta kafaɗarsa ko da bai iya karatu ba. Samari na cikin akwatin ƙarfen mota suna tattakawa, gashin idonsu duk ya yi fari, suna tari. In motar ta isa inji za a sake auna ta a babban sikeli, kuma wancan awon shi ne gaskiyar ƙungiya: in an samu rara ta shiga asusunku, in an samu giɓi ku ji a jikinku. Kusan duk wannan aikin 'yan ƙungiya ke yin sa da kansu. Ga mai yayyafa wa audugarsa ruwa da dare don ta yi nauyi, ga wanda ya manta da yashi a tsakiyar ƙunshi, ga babban mutum da zai tsaya a kan mai awo yana shafa gemu har yaron ya ga kilo 5 da babu su.

A irin wannan rana aikin shugaba ɗaya ne: ya tsaya kusa da mai awo, yaron ya san akwai mai tare masa. Kai kuma kana ina? Kana can inuwa, ka sa an riƙe maka lema, kana buga hatimi a kan takardun da ba su nemi hatimi ba. Samarin da suka wuni suna tattakawa, ko kunu ba ka sa an dama musu ba. Baɗi in ka kira su za su ce ƙafa na ciwo, sai ka tattare riga ka shiga akwatin da tabarau ɗinka.

Abin da ke ɗaure min kai, Fillo, duk abin nan ka iya shi, a wurin shanu. Na sha ganinka da yamma a bakin garke: kallo ɗaya za ka yi ka ce wance ba ta yi kiwo da kyau ba yau, wance na ɗingishi, wance za ta haihu kafin Juma'a. Ka san wadda in ta ɗauki hanya sauran za su bi, ka san mai tunkuri, ka san biyun da ba a ɗaure su kusa da juna. Kana gaba suna biye, ba duka, ɗan kira kawai. Ka kwana cikin ruwa saboda maraƙi. To ga mutum ɗari da 'yan kai an ba ka, ba ka san wanda ambaliya ta cinye wa gona ba, ba ka san rukunin da 'yan cikinsa ba sa ga-maciji tun rikicin gado ba, ba ka san tsohuwar da in ta ce a'a duk matan garin sun ce a'a ba. Da manoman nan na da ƙaho, da tuni ka haddace su har kakanninsu.

Kuma kada ka ɗauka kullum lafiya ake yi. Tambayi waɗanda suka riƙe ƙungiyoyi a kakar 2010 zuwa 2011. Shekarar ce farashin auduga a kasuwar duniya ya yi tashin gwauron zabo, ya haura dala 2 a kan laba ɗaya a watan Maris na 2011. Sodecoton kan sanar da farashinta tun kafin shuka, ba ta bin hawa da saukar kowace safiya. 'Yan kasuwa daga Najeriya suka zo da kuɗi a hannu, farashinsu ya ɗara na kamfani nesa ba kusa ba, kuma ba ruwansu da bashin taki. Auduga ta riƙa tsallaka iyaka da dare a kan babura, tan dubbai. Wanda ya sayar can ya cika aljihu, ya bar wa 'yan rukuninsa bashi. Zumunci da yawa ya mutu a shekarar nan. Jami'an tsaro sun yi iyakar nasu, amma iyakar da ta taso daga Tafkin Cadi ta gangaro har Faro, wa zai tsare ta? A ganina, wanda ya fasa ɗora buhu a babur a irin daren nan, abin da ya hana shi bai wuce sanin gobe zai haɗa ido da mutanensa ba, kuma za a kira sunansa a gindin bishiya, ko surukin wane ne shi. Irin wannan shekara za ta sake zuwa, ko ta farashi, ko ta fari, ko ta ƙwari, kuma ranar hatiminka ba zai tsare ko ƙunshi ɗaya ba.

'Yan'uwanmu na Najeriya kuma kada su yi mana dariya. Su ne suka rushe hukumar audugarsu a 1986, aka bar manomin Funtuwa da Malumfashi da Gusau kowa tasa ta fisshe shi, ga rashin wuta ga kayan fasa-ƙwauri, masaƙun Kaduna da Kano suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, har ta kai ana zuwa sayen tamu da tsakar dare.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro tun farko. An ce ka fara tambaya, a hankali, ta bakin wasu, wai dole ne sai an sake zaɓe in wa'adi ya cika? Haba Fillo! Ko shekara ba ka rufa ba. Na rasa abin da ke cikin ruwan Binuwai da in mutum ya sha ya zauna kujera sai ta manne masa. Ahmadu Ahijo, ɗan garin nan, ya riƙe ƙasa daga 1960 zuwa 1982. Shi ya ma yi abin da ba a saba gani ba, ya sauka don kansa ya miƙa wa Paul Biya, sai dai ya riƙe shugabancin jam'iyya. Kafin shekara ta zagayo sun ɓata, ya ƙare a Dakar, can ya rasu a 1989, can kabarinsa yake. Isa Hayatu, ɗan gidan sarautar Garwa, Allah ya jiƙansa, ya riƙe hukumar ƙwallon Afirka, CAF, tun 1988. A hannunsa gasar Afirka ta tashi daga ƙasashe 8 zuwa 16, gurbin Afirka a kofin duniya ya kai 5, ba mai hana shi wannan. Amma a Maris 2017 a Addis Ababa, yana neman wa'adi na takwas, mutanen da suka shekara suna ce masa ranka ya daɗe suka ba Ahmad Ahmad na Madagaska ƙuri'a 34, shi 20. Iya Mohammed ya zauna kujerar Sodecoton daga 1984 zuwa 2013, ya haɗa da hukumar ƙwallon ƙasa. A zamaninsa ƙungiyar ƙwallon Coton Sport ta tashi har ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 2008, ta yi 2-2 da Al Ahly a nan Garwa, kofi ya tafi Alƙahira. Ƙarshen zaman kuwa kamu ne a 2013, da hukuncin shekara 15 a 2015. Waɗannan manya ne, masu ilimi, masu aiki a ƙasa, ba masu biro uku ba. In doguwar zama ta yi musu haka, ina ga kai da kujerarka ta roba ce, ƙafa ɗaya ma ɗaure da waya?

Saboda haka ga abin da ubangidanka ya yanke, ba shawara ba ce. Mabuɗi ya koma hannun mai sito yau ɗin nan, a yanka na biyu a ba ma'aji. Littafi ya koma hannun sakatare. Kuɗin matar nan ka je ka karɓo mata wurin surukinka. In bakinka ba zai iya ba, aiko min. Ni Babarbare ne, zan shiga har zaurensa in miƙe ƙafa, in ci tuwonsa, in nemi ƙari, in kira sunansa da na ubansa, ko gezau. Hatimi kuwa na bar maka, don na san in aka raba ka da shi sai an kai ka asibiti.

Kuɗin sharata na bana ban gani ba, na bara ma haka, kada ka sa in nemi 'yan rukuninka su biya. Ran Lahadi ina Pitowa wajen masu kifi, ka zo min da ƙwaryar kindirmo wanda bai gaisa da rijiya ba. In kana da amsa, shafin nan a buɗe yake, ka zage ni son ranka, har ka sake kawo Gazargamu. Sai dai ka sa sakatare ya rubuta, don edita ya ce rubutunka ko kai ba ka iya karanta shi.